Surukina Bai Taɓa Shan Taba Ba

Duk gidan surukaina da ke Kurugu babu wanda ya taɓa ganin Baffa yana shan taba. Ni ma ban taɓa gani ba, kuma Allah ya sani na sha wahala wajen kiyaye idona.

Baffa shi ne mahaifin matata. Dogo ne siriri, Bafulatanin da ya zauna ya kama noma, yana da gonar gyaɗa da ta dawa da 'yan shanu a bayan gari. Da shanun yake Fulatanci, da mu kuma Hausa. In rigimar iyakar gona ta tashi shi ake kira, in za a je neman aure shi ake sawa a gaba, a masallaci kuma wurinsa na nan daidai bayan liman, ko ya makara ba mai tsayawa a wurin. Mutum irin wannan ba ya shan taba. Saboda haka ba ya sha, ko da kuwa hayaƙi na tashi daga bayan tsamiyar gonarsa kullum da hantsi da la'asar.

Ni malamin makaranta ne a Rogo. In na hau babur na je gaishe shi aka ce yana gona, na san aikina. Tun daga nesa zan fara danna ham kamar mai korar awaki, in na matso in kashe babur in tsuguna ina duba sarƙar da ba abin da ya same ta, sannan in ɗaga murya in yi sallamar da za a ji har ƙauyen Kwanyawa. Can sai ya fito daga bayan tsamiya yana tauna kanumfari, in durƙusa mu gaisa, yana kallon gabas ina kallon ƙasa. Ba ni kaɗai ke wannan hidima ba. Inna, surukata, ta yi shekara da shekaru tana ɗinke 'yan hujojin ƙuna a gaban rigunansa tana cewa tartsatsin murhu ne, alhali Baffa ko hanyar madafi bai sani ba. Matata kuwa 'yar fari ce. Bai taɓa kiran sunanta ba, "waccan" yake cewa, ita ma tun tana ƙarama ta iya juya baya ta hau neman abin da bai ɓata ba da zarar ta ji ƙarar ashana.

Tarin ya daɗe tare da shi, har mun saba da shi. A asibitin Karaye an gwada majinarsa aka ce ba tarin fuka ba ne, aka ba shi abin shaƙa mai ruwan bula, mu kuma muka sa wa ciwon suna asma muka huta. Daminar bara ce ta hana mu hutawa. Mutumin da yake yini a gona ya koma in ya taka daga zaure zuwa masallaci sai ya dafa bango ya jira numfashi ya dawo. Aka ce a kai shi babban asibiti a Kano, wajen likitocin ƙirji. Ɗansa babba yana kudu wajen fatauci, ƙaramin ya bi shanu. Aka waiwaya aka ga ni, mai jin Turanci, wanda ya san Kano.

Wanda bai taɓa raka surukinsa asibiti ba bai san yunwa ba. Ba zai ci abinci a gabana ba, ni ma ba zan ci a gabansa ba. Muka yini a kan benci ɗaya, masu ƙosai da fura suna ta wucewa, kowannenmu yana nuna shi a ƙoshe yake. Aka sa shi ya hura iska a wani bututu har idanunsa suka yi ja, aka yi hoton ƙirji irin na kullum, aka ɗebi jini, aka ce mu dawo in sakamako ya fito.

Ranar da muka koma, wata likita ce ta gan mu, matashiya, Bakanuwa, mai magana a hankali. Ta gaishe shi gaisuwa mai kyau, ta tambayi gida da damina, sannan ta juya ga takardun gabanta.

"Baba, huhunka ya riga ya samu illa, hanyoyin iska sun tsuke. Wannan ka san shi, jikinka ya gaya maka. Abin da nake dubawa yanzu daban ne. Masu irin ciwon nan, wasu daga cikinsu ciwon daji yakan biyo baya, kuma ba ya sallama in zai shigo. Jinin da muka ɗiba, wasu alamu muke nema a ciki, waɗanda kan ɗaga tun kafin mutum ya ji wani sabon abu a jikinsa."

Baffa ya ce, "To."

"Naka sun ɗan ɗaga. Amma kada hankalinka ya tashi, alamun nan ba hukunci ba ne. Ciwon huhun da kake da shi ma yana iya ɗaga su. Sai an haɗa su da shekarun mutum, da gwajin hurawar nan, da kuma abu ɗaya da kai za ka gaya mini. Kana shan taba, ko ka taɓa sha?"

Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Fanka tana juyawa a sama, a waje wani yana kiran suna.

Baffa ya ce, "A'a."

"Ko da can baya, lokacin ƙuruciya?"

"Ban taɓa ba, 'yata."

Likitar nan ba yarinya ba ce a aikinta. Na ga idonta ya sauka a kan yatsunsa, ya koma kan leɓensa. Ta juyo gare ni ta ce, "Malam, ko za ka ɗan ba mu wuri?" Na zabura zan miƙe, zuciyata fari ƙal, na ce alhamdu lillahi an raba ni da wannan kaya. Sai Baffa ya ɗaga hannu.

"Zauna, Malam. Babu abin da zan faɗa a bayansa wanda ba zan faɗa a gabansa ba."

Na zauna. A nan na gane cewa ko fitar tawa ma amsa ce, kuma ya riga ni ganewa. Ya shiga yi mata bayanin ƙurar gyaɗa da ta sussuka, da hayaƙin da ake yi wa shanu don korar ƙudaje, da wutar da yake kwana da ita a bukka tun yana yaro makiyayi. Duk gaskiya ne, abin haushin ke nan. Ta ce lallai waɗannan suna lalata huhu, ta sha ganin mata tsofaffi da ba su taɓa riƙe sigari ba suna fama da ciwon saboda hayaƙin girki.

Sannan ta ajiye biro ta ce, "Bari in gaya muku yadda abin yake. Akwai wani hoto na babbar na'ura, sikan, wanda ke ganin abin da hoton yau da kullum ba ya gani. Na'urar ɗaya ce, masu jira da yawa. Da a ce Baba ya daɗe yana shan taba, da alamun nan da shekarunsa, yau ɗin nan zan sa shi a gaba. Tunda bai sha ba, za mu canza masa magani, bayan kaka ku dawo a sake ɗibar jini mu gani. In wani abu ya canza kafin nan, kada ku jira."

Tana wannan maganar ni take kallo. Ni kuma ina kallon takalmi. Baffa ya yi godiya ya sa mata albarka, muka fito.

Mutum zai ce ai da sai in koma da baya in raɗa mata. Na yi tunanin haka tun kafin mu kai bakin ƙofa. Amma in na gaya mata, kiransa za ta yi ya dawo ciki, kuma mu biyu ne kaɗai muka zo daga Kurugu. Ba sai ya yi duba ba zai san bakin da maganar ta fito.

Da na isa gida a Rogo, ko ruwa ban sha ba na zayyana wa matata komai. Ta saki muciya ta zauna a kan turmi.

"Kai kuma kana zaune ka yi shiru?"

"Me kike so in ce? In ce ƙarya yake yi? Mahaifinki, a gaban baƙuwa?"

"Ai don kana da baki aka tura ka."

Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Ke da kike 'yarsa, tashi mu je yanzu ki faɗa masa. Ga babur nan a waje."

Ta dube ni kamar na ce ta je ta mare shi. "Ni? Ni da ko sunana ba ya kira? In buɗe baki in ce Baffa na san kana shan taba? Wallahi gara ƙasa ta tsage in shige."

"To ni ƙasar ba ta tsagewa da ni, ko?"

Ta fashe da kuka, ni kuma na fita na bar tuwon. Haushi nake ji, nata da na Baffa da na gidansu gaba ɗaya, mutane masu hankali da suka taru suka yarda dattijo ya mutu da mutuncinsa a kan ya rayu da 'yar kunya kaɗan. Sai kuma in tuna ni ma ina cikinsu, ni ne ma mai danna ham.

Dabara ta zo mini ranar kasuwar Rogo. Baffa yana da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifinsa, wani gajeren tsoho mai sayar da igiya da ragama a layin 'yan shanu. Tsakaninsu wasa ne tun suna yara, babu kalmar da ba ya faɗa masa. Shi ne ma yake sayo masa tabar a Rogo, don kada mai tebur na Kurugu ko na Karaye ya san da zancen. Na same shi a rumfarsa, na durƙusa muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye har ya gaji.

Ya ce, "Malam, zancen hayaƙin surukinka ne? Faɗi mana. Tun muna samari muna kiwo yake sha, ni na koya masa, ni kuma na bari tun da na yi aure na biyu. Shi taurin kai ya hana."

Na gaya masa abin da likita ta ce. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce in bar masa, ranar Juma'a zai je.

Ya je kuwa, ni ma na je. Bayan an sauko daga masallaci dattawa suka zauna a zauren Baffa, ni ina can bakin ƙofa wajen takalma. Taubashin ya gyara murya ya ce, "Kai, bawana, an ce ka je Kano ka ce wa likita ba ka san taba ba? Kai da in ka shiga bayan tsamiya sai a ɗauka injin niƙa aka tayar?"

Zaure ya kwashe da dariya. Baffa ma ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, da ya lafa ya ce, "Ku ji ɗan banzan tsohon nan. Wanda ya sayar wa makaho igiya ruɓaɓɓiya shi ne zai ba da shaida a kaina?" Aka sake dariya. Taubashin ya ƙara matsawa, ya ce wallahi da gaske yake, a koma asibiti a faɗi gaskiya. Da ya ce wallahi sai dariyar ta ƙaru. Wani dattijo yana share hawaye yana cewa waɗannan biyu ba za su girma ba.

Na zauna a wurin jikina ya yi sanyi. Ni da kaina na zaɓo mutumin da zai iya faɗar komai, na manta cewa saboda haka ne maganarsa ba ta da nauyi. Da zai tafi ya biyo ta kusa da ni yana neman takalminsa, ya ce a hankali, "Ka gani ko? Daga bakina wasa ne. Sai daga bakin wanda yake jin kunya."

Aka shiga cirar gyaɗa. Ni kuma na shiga wani hali da ban taɓa shiga ba. Ina gaban allo ina koyarwa sai in ji wani ɗalibi ya yi tari, in rasa inda na tsaya. In waya ta yi ƙara na ga lambar Kurugu ce sai gabana ya faɗi. Na riƙa tuna maganar likita cewa abin ba ya sallama. Ko yana nan, ko ba ya nan, ban sani ba. In yana nan, to girma yake yi, muna ta gaishe-gaishe.

Duk zuwan da zan yi sai in ga Baffa ya ragu. Hularsa ta fara sauka har kan kunne. Tarin ma ya canza murya, ya koma busasshe, gajere, ba ya fitar da komai. Bai je gona ba ranar da aka fara cira, abin da ba a taɓa gani ba. Da na tambayi jiki ya ce da sauƙi, sabon maganin yana aiki.

Wata ranar Asabar na kai musu buhun masara. Na sauke a tsakar gida zan fita sai na ji muryar Inna daga cikin ɗaki, ta bayan labule. Tun da na auri 'yarta maganarmu ba ta wuce gaisuwa.

"Malam."

Na durƙusa a inda nake. "Na'am, Inna."

"Furar da nake dama masa, rabi yake sha ya ture. Kafaɗarsa ta dama kuma tana damunsa, ba ya faɗa." Na ɗauka ta gama. Sai ta ce, "Tambayar da aka yi masa a can, ba kowace tambaya mutum yake iya amsa wa kansa ba. Allah ya yi maka albarka."

Na ce amin. Na fito na sami Baffa a zaure, na ce masa likita ta ce in wani abu ya canza kada a jira, kuma ni a ganina ya rame. Ya ce ai kaka ba ta ƙare ba. Na ce gara a je. Ban taɓa maimaita masa magana ba sai ranar. Ya ɗan dube ni ta gefen ido, ya ce to, Allah ya kai mu.

A mota ban ga hanya ba. Ina ta jera kalmomi a raina ina rushewa. In ce wataƙila yana ɗan taɓawa? In ce a da can ne? In faɗa da Turanci don kada ya ji? Wannan ta ƙarshe ta fi zauna mini, har na ji sanyi a raina. Sai na ga ai wannan ya fi muni, in yi gulmar surukina yana zaune, da harshen da ba ya ji, kamar ana cinikin sa a kara. Shi kuwa yana gefena yana jan carbi, numfashinsa yana fita da ɗan fito.

Likitar ta gane mu. Ta sa ya hau sikeli, ta duba abin da aka rubuta wancan zuwan, fuskarta ta canza kaɗan. Ta tambayi ci, ta tambayi barci, ta danna kafaɗar ya ɗan yamutsa fuska. Ta koma kujerarta.

"Baba, zan sake tambayarka, ka yi haƙuri da ni. Ramar nan ba ta yi mini daɗi ba. Amsar da za ka ba ni ita za ta nuna ko gaban layi zan kai ka ko tsakiya. Taba fa?"

"Na gaya miki, 'yata."

Ban san lokacin da na sauka daga kujera ba. Na dai tsinci kaina a durƙushe a kan siminti, kamar yadda nake yi in zan gaishe shi. Na kalli ƙafar tebur na ce, "Likita, yana sha."

Ba wanda ya motsa.

"Ya daɗe yana sha. Tun kafin in shigo gidansu. Ɗan'uwansa ya ce tun suna samari. Har yanzu bai bari ba." Na juya wajensa ba tare da na ɗaga kai ba. "Baffa, ka gafarce ni."

Abin da nake iya gani ƙafafunsa ne kawai da bakin rigarsa. Carbin ya tsaya a hannunsa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kamar ni na tuɓe shi a tsakiyar kasuwa, kuma a ƙarƙashin kunyar ina jin tsoro kada ya miƙe ya fita, a yi biyu babu.

Likitar ba ta nuna mamaki ba, Allah ya saka mata. Ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ba kai ne na farko ba a kujerar nan. Kamar kara nawa a rana?"

Da ya buɗe baki, muryarsa a daidai take, ba fushi ba rawa.

"Tambayi malamin. Ai shi ne masani."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta rubuta abin da za ta rubuta, ta fita da kanta, ta dawo ta ce an sa shi cikin masu gaggawa, a makon nan za a yi hoton. Ya ce to. Bai yi godiya ba, bai sa albarka ba. Ya miƙe ya wuce ta gefena, ni ina durƙushe har sai da ta ce, "Malam, tashi ka bi shi."

Daga Kano har Kurugu bai ce mini uffan ba. A tasha ya shiga gaba kusa da direba ya bar ni a baya. Da muka sauka na ɗauko masa ledar magani, ya karɓa ba tare da ya dube ni ba, ya shige gida. Matata da ta ji abin da na yi sai ta rufe baki da hannu ta ce, "Ka faɗa? A gabansa?" Ita da ta ce don ina da baki aka tura ni.

Na ɗauka ranar hoto zai nemi wani ya raka shi, ko ma ya ce ba ya zuwa. Na je dai da sassafe na tsaya a ƙofar gida. Ya fito da shirinsa, na gaishe shi ya amsa a taƙaice, muka kama hanya. Haka muka yi ta zirga-zirga, a yi hoto, a ce an ga wani abu, a sa allura a ɗebo ɗan nama daga wurin, a ce a jira. Tsakanina da shi ba abin da ya wuce "taso, an kira mu" da "to."

Ranar da sakamakon ƙarshe ya fito, likitar ta juyo da allon kwamfutarta ta nuna mana wani ɗan fari a saman huhun dama, bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba a idona.

"Ciwon daji ne, Baba. Ba zan ɓoye maka ba. Amma wuri ɗaya yake, ba mu ga ya bazu ba. Irin wannan ana iya yi masa wani abu. Za mu zauna da masu tiyata mu ga ko huhunka zai ɗauki aiki, in ba zai ɗauka ba akwai gashi, wato a ƙona ciwon da hasken na'ura. Tabar kuma daga yau sai haƙuri."

Baffa ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sannan ya tambaye ta, "Da an bari sai bayan kaka fa?"

Ta ce, "Allah ne masani. Ni dai na fi son ganinsa yau da in gan shi nan gaba."

Muka fito muka zauna a kan benci a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, jiran a kira mu wajen ba da rana. Na bar tazara tsakaninmu kamar kullum. Ina so in yi murna, ina so in yi kuka, na rasa wanne ya dace. Mutane suna ta wucewa da fulas da tabarmi.

Can sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Malam."

"Na'am, Baffa."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ina zuwa zance."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci wadda ta ƙare da tari. "Shekarun nan duka ina tsallaka gona cikin rana ina laɓewa. Ashe wahalar banza na sha."

Na ce Allah ya ba shi lafiya. Wayata ta fara ƙara a aljihu, na ciro na ga matata ce, tun safe take kira. Ya ga yadda na riƙe wayar, ya gane. A karon farko tun da na san shi ya juyo ya dube ni ido cikin ido, kuma abin da na gani a idon nan ba fushi ba ne, tsoro ne, wanda ban gani ba ko lokacin da aka ambaci ciwon daji.

"Waccan fa? Ita ma ta sani?"

Wayar tana ta ƙara a hannuna. Na riga na faɗi gaskiyar da za ta yi masa magani, wannan kuwa ba ta da abin da za ta warkar.

Na ce, "A'a, Baffa. Ba ta sani ba."

Ya sauke numfashi, kafaɗunsa suka sauko. Ya mayar da kallonsa kan hanya, ya ci gaba da jan carbinsa.

"To, amsa mata. Ka ce an ga ciwon, kuma za a yi magani. Sauran ka bar shi a nan."